Yarinyar da Ta Wanke Rulma da Yashi

Yaya, ga ni zaune da alƙalami. Mushe, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce in rubuta wa yara abin da za su karanta. Karatuna bai yi nisa ba, kin sani. Amma tun ranar da muka raka ki makwanci, ba abin da ke zuwa bakina sai labaran da kike ba ni kina tankaɗe. Wannan ne kika fi yi wa dariya. Bari in ba su shi yadda kika saba ba ni.

A Birnin Damagaram, zamanin Faransawa, lokacin da mota ta fara shigowa, akwai wata yarinya. Shekarunta ba su wuce tara ba.

Ubanta, Malam Modu, shofer ne. Yana tuƙa motar wani attajiri, Alhaji Ari, mai fataucin gyaɗa da fatu. Motar ƙarama ce mai rufi, irin wadda ake kira kamiyonet. Malam Modu ne mai tuƙa ta, shi ne kuma mai gyaranta, don ba a san gareji ba a unguwar. A ƙofar gidansa take kwana.

Malam Modu ba ya kiran yarinyar da sunanta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, saboda haka "Uwata" yake ce mata.

Yarinyar nan gwanar wanke-wanke ce. Innarta, Zainaba, ita ta koya mata. Ta ɗebo yashi mai laushi, ta haɗa da toka, ta cuɗa da soso. Tasa in ta fito daga hannunta, sai ka ga fuskarka a ciki. In za a yi biki, har maƙwabta sukan aiko mata da tasoshinsu.

Yabo ya yi mata daɗi. Duk abin da ta gani ya yi baƙi, sai hannunta ya fara ƙaiƙayi.

Tana da ƙane guda, Idirisu. A lokacin an kai shi yaye ƙauyen Dogo, wurin kakarsu Hajjo. Gida ya yi shiru, ba mai jan zanen kowa.

Ana nan sai ƙafar motar ta gaba, ta hannun dama, ta fara kuka. Tun daga nesa akan ji ta, guuu, guuu, kamar ana niƙa.

Yarinyar ta ce, "Baba, me ke damun motar?"

Ya ce, "Rulma ce ta mutu, Uwata."

"Mece ce rulma?"

"Zobe ne na ƙarfe, da 'yan ƙananan ƙarafa a cikinsa masu mirginawa. A kansa ƙafar mota take juyawa. In ya mutu, ƙafa ba ta da sukuni."

Babu rulma a kasuwar Damagaram. Sai da Alhaji Ari ya aika Kano. Aka daɗe ana jira, sannan ta iso, ƙwaya ɗaya tak, a naɗe cikin takarda mai maiƙo.

Washegari da sassafe Malam Modu ya fito da kayan aikinsa. Ya sa duwatsu ya tokare ƙafafun baya. Ya ɗaga gaban motar da kirik. Ya kwance taya ya jingine. Ya cire wata 'yar hular ƙarfe, ya zare ɗan siririn ƙarfen da ke kulle babban bulon, wato notin da ke riƙe ƙafar. Garin zarewa, siririn ƙarfen ya karye.

Ya ce, "To, ka ga aiki."

Ya kwance bulon, ya zaro tsohuwar rulma. Ya kai ta kusa da kunnen yarinyar, ya juya ta da yatsa.

"Me kika ji?"

"Tana cewa ƙurus-ƙurus."

"Yauwa. Rulma mai lafiya ba ta magana. In kin ji tana magana, ƙara take kawowa."

Ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a zaure, ya ɗora sabuwar a kai, tana cikin takardarta. Gwangwanin giris yana gefe.

Ya ce, "Zan je maƙera a ƙera mini wani siririn ƙarfen. Zauna nan ki kula. Kada akuya ta zo ta ci takardar nan."

"To, Baba."

Ya tafi. Yarinyar ta zauna. Akuya ba ta zo ba. Kaza ma ba ta leƙo ba. Zama ya ishe ta.

Ta ce a ranta, bari dai in ga yadda sabuwa take.

Ta buɗe takardar. Sai ta ga rulmar duk ta yi dumu-dumu da wani mai, ja-ja, mai danƙo. Ta taɓa, ya manne mata a yatsa. Ta yatsine fuska.

Ta ce, "Kai, mutanen Kano! A sayar wa mutum da abu ba a ko wanke shi ba?"

Ba ta san man nan da gangan aka sa shi ba. Inna tana cikin gida tana surfe, da ta ɗaga murya za ta ji. Maƙera ma ba nisa. Amma ba ta tambayi kowa ba. Ita fa gwana ce.

Ta ruga ta ɗebo yashi da toka. Ta kawo ruwa a ƙwarya. Ta zauna ta cuɗa rulmar ciki da waje, har tsakanin 'yan ƙarafan. Ta ɗauraye. Ta goge da gefen zanenta.

Rulma ta yi fes. Ta ɗaga ta a rana, tana ƙyalli kamar awarwaron amarya.

Ta ce, "Yau Baba zai sa mini albarka."

Sai ta kai ta kusa da kunne, ta juya da yatsa, yadda ta ga Baba ya yi.

Ƙurus-ƙurus.

Ta sake ɗauraye ta. Ta sake juyawa. Ƙurus-ƙurus. Yashi ya shige inda yatsa ba ya kaiwa.

Ta duba hanya, ba kowa. Ta buɗe gwangwanin giris, ta lakato da yawa, ta shafe rulmar har ƙyallin ya ɓace. Ta mayar da ita cikin takarda. Ta zubar da ruwan bayan zaure. Ta wanke hannu, ta dawo ta zauna kamar ba ta taɓa motsi ba.

Can da hantsi Malam Modu ya dawo. Bai ko ajiye siririn ƙarfen ba sai ga doki a guje. Kawu Garba ne, ƙanen Inna, daga Dogo. Doki ya jiƙe da gumi.

Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Malam Modu, Idirisu ba lafiya. Zazzaɓi da gudawa. Tun jiya ba abin da ke zama a cikinsa. Hajjo ta ce a zo da mota a kai shi gidan likita."

Inna ta fito da taɓarya a hannu. Ta ce, "Garba, yana magana?"

"Yana buɗe ido, Yaya. Amma ya ƙi shan ruwa a hannun kowa."

Malam Modu ya aika aka gaya wa Alhaji Ari. Amsa ta dawo nan da nan: a ɗauki mota, Allah ya ba yaro lafiya.

Ya durƙusa gaban ƙafar motar. Ya warware takarda, ya ga rulma da mai a jikinta. Bai kai ta kunne ba. Hankalinsa yana Dogo. Ya zura ta, ya ɗaure bulon, ya sa sabon siririn ƙarfe, ya mayar da hula da taya.

Yarinyar tana tsaye tana kallo. Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Ta dubi fuskar Baba, ta haɗiye.

Ta ce a ranta, ai na sa mata mai. Wataƙila ta yi shiru.

Inna ta ɗauko gorar ruwa da tasa da zane. Ta ce wa yarinyar, "Shiga mu tafi. In ya ƙi sha a hannun kowa, ba zai ƙi a naki ba."

Kawu Garba ya ce su yi gaba, shi sai dokinsa ya huta. Malam Modu ya murɗa hannun tayar da mota, ta kama. Suka fita ta ƙofar birni, suka bar duwatsun Damagaram a baya.

Kaka ce. Gonaki sun cika da damman gero. Hanya yashi ce, mota tana tafe tana rangaji. Inna tana jan carbi.

Da farko ƙafar ta yi shiru. Yarinyar ta fara sakin numfashi.

Sun yi kamar rabin hanya sai ta ji shi. Ƙasa-ƙasa ya fara. Guuu. Ta dubi Baba. Shi ma ya ji, don ya karkata kai.

Kukan ya ƙaru. Sai wari ya taso, kamar an bar mai a wuta ya ƙone.

Malam Modu ya ratse gindin wata tsamiya ya tsaya. Ya sauka, ya tofa yawu a kan hular ƙafar. Yawun ya yi cuuu, ya bushe.

Ya dafe kai. Ya ce, "Sabuwa ce fa. Da hannuna na sa ta."

Inna ta ce, "Malam, mene ne?"

"Rulmar ce. Ina jin ta banza aka sayar mana a Kano. Allah ya isa tsakaninmu da mai kantin nan."

"Ba ta gyaruwa?"

"In a fashe ta zo, buɗe ta ɓata lokaci ne. Ba ni da wata. In na matsa mata, ƙafar za ta kame, mu kife." Ya dubi rana, ta kusa tsakiya. "Ku zauna a inuwa. Zan taka zuwa Dogo, in nemi jaki in ɗauko shi."

Inna ta ce, "A jaki? Likita yana tashi in rana ta faɗi. Yaushe jaki zai kai shi birni?"

Malam Modu ya ɗaure bakin wandonsa, ya ɗauki gora.

Yarinyar ta tuna Idirisu, yadda yake kama yatsanta in zai yi barci. Ta ga Baba ya fara tafiya. Sai ta diro daga mota.

"Baba!"

Ya waiwayo.

"Ba mai kanti ba ne. Ni ce."

"Ke ce me, Uwata?"

"Na ga ta yi datti, na wanke ta. Da yashi da toka." Hawaye suka zubo mata. "Da na ji tana ƙurus-ƙurus, sai na shafa mata giris na mayar."

Inna ta ce, "Innalillahi! Rulmar kika yi wa wankin tasa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, tana jiran abin da zai biyo baya.

Sai Malam Modu ya ajiye gora. Ya ce, "Yashi ne kawai? Ba ki buga ta da dutse ba? Ba ta faɗi ba?"

"A'a, Baba. Yashi da toka da ruwa."

"To, in yashi ne, yana fita. Share hawayenki, ba lokacin kuka ba ne. Nemo mini faffaɗan dutse, kirik ba ya tsayawa a kan rairayi."

Ta ruga ta kinkimo dutse. Inna ta jiƙa tsumma, suka yi ta ɗorawa a kan ƙarfen har ya huce. Malam Modu ya ɗaga motar, ya kwance taya, ya cire hula. A hankali ya zare siririn ƙarfen, don babu maƙeri a dajin. Ya zaro rulmar. Giris ɗin ya yi baƙi, in ka murza shi a yatsa sai ka ji tsakuwa-tsakuwa.

Ya ce, "Zainaba, ba ni tasarki."

Ya tsiyayo isansi, wato man fetur, daga mota ya zuba a tasar. Ita ce tasar da yarinyar ta goge jiya. Ya tsoma rulmar, ya kaɗa. Isansi ya yi baƙi. Da ya tsiyaye, sai ga yashi kwance a gindin tasa.

Ya ce, "Ga ajiyarki."

Ya miƙa mata rulmar.

"Yatsuna sun yi kauri. Karɓi tsinken nan, ki naɗa masa tsumma. Ki bi 'yan ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tsallake ko guda."

Ta zauna a kan zanen Inna, don kada rulmar ta taɓa ƙasa. Ta bi su a hankali. Isansi yana yi mata zafi a yatsu, ba ta kula ba. Baba yana can yana goge cikin ƙafar motar, don can ma yashi ya shiga. Suka canja isansi, suka sake, suka kuma sakewa, har gindin tasa ya fito ba ko ƙwaya.

Malam Modu ya ɗiga mata ɗan mai, ya kai ta kunnen yarinyar, ya juya.

"Me take cewa yanzu?"

Ta kasa kunne. "Ba ta ƙurus-ƙurus. Amma tana ɗan raɗa."

"Yashi ya riga ya karce ta. Ba za ta yi tsawon rai ba. Amma mai raɗa ta fi mai kuka. In mun lallaɓa ta, za ta kai mu."

Ya lakato giris ya sa a tafin hannu. Ya riƙa danna rulmar a kai, har man ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Ya ce, "Kin gani? Wannan da kika kira datti, shi ne abincinta. Tasa tana son yashi. Rulma kuwa, ƙwayar yashi ɗaya maƙiyinta ce."

Ya mayar da ita. Ya ɗaure bulon har ya kama, sannan ya ɗan sassauta. Ya sa siririn ƙarfe da hula da taya. Ya juya tayar, ta yi ta juyawa shiru. Ya kama ta da hannu biyu ya girgiza, ba ta yi motsi ba.

Suka yi azahar a gindin tsamiyar, suka hau.

A hanya Malam Modu ya ce, "Uwata."

"Na'am, Baba."

"Wankin da kika yi, rashin sani ne. Da kin tambaya, da ba a yi ba. Amma giris ɗin da kika shafa kika rufe, shi ya tsayar da mu a daji. Da kin faɗa a zaure, da tuni muna Dogo."

"Na tuba, Baba."

"Ni ma da nawa. Na sa ta ban saurare ta ba. Gaggawa ta ci ni."

Inna ta ce, "Ku dai ku roƙi Allah mu same shi da sauƙi."

Suka isa Dogo. Hajjo tana bakin ƙofa, Idirisu a kafaɗarta, ya yi laushi kamar tsumma.

Ta ce, "Sai yanzu? Tun hantsi nake jin kukan mota a kunnena, ashe ƙudan zuma ne."

Inna ta karɓe shi. Ta ba shi ruwa, ya kau da kai. Yarinyar ta wanke hannu sosai, ta karɓi ludayi. Ta ce, "Idi, ni ce. Sha kaɗan."

Ya buɗe ido. Ya kama yatsanta, ya sha.

Suka juyo. Malam Modu bai yi gudu ba. In an ɗan taɓa tafiya sai ya tsaya, yarinyar ta diro ta kai bayan hannunta kusa da hular ƙafar.

"Da zafi?"

"Ɗumi ne kawai, Baba."

"Hau mu tafi."

Rana tana kan duwatsun Damagaram, ta yi ja, lokacin da suka tsaya a gidan likita. Ma'aikacin ya riga ya ɗauko makulli. Da ya ga yaron, ya mayar da shi aljihu. Ya duba shi, ya ba shi magani, ya ce a kwantar da shi.

Ya ce wa Malam Modu, "Kun yi sa'a. Da kun kai gobe, da magana ta canja."

Yarinyar ta ji. Ta dubi yatsunta, duk sun yi fari saboda isansi.

Idirisu ya warke. Kafin a gama ɗaukar gero daga gonaki, ya koma jan zanen mutane.

Amma saura magana guda. Malam Modu ya ce, "Uwata, sa mayafinki. Motar ba tawa ba ce. Da bakinki za ki gaya wa mai ita."

Suka tarar da Alhaji Ari a zaurensa. A waje ana ɗora wa raƙuma buhunan gyaɗa. Da mota za a kai su, amma mota za ta zauna har wata rulmar ta zo daga Kano. Yarinyar ta ga haka, kunya ta rufe ta.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba.

Alhaji Ari ya shafa gemu. Ya ce, "Wato mutanen Kano ba su iya wanki ba, sai da kika taimaka musu?"

Ta ce, "Na yi kuskure, Baba Alhaji."

"Ta yi ƙyalli kuwa?"

"Ta yi."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Modu, ka ɓoye agogonka, kada ta gan shi da datti." Sannan ya dube ta. "Kin jawo mini jira, 'yata. Amma kin faɗi gaskiya lokacin da ake bukatarta. Tashi, na yafe. Gobe in kin ga abin da ba ki sani ba fa?"

"Zan tambaya."

Da sabuwar rulma ta iso, Malam Modu ya kira ta. Ya shimfiɗa tsumma, ya buɗe takarda. Ga man nan ja-ja, mai danƙo.

Ta sa hannuwanta a baya. Ta ce, "Baba, wannan a wanke ta, ko a bar ta?"

Ya yi murmushi. Ya ce, "Yanzu kika zama gwana."

Tun daga ranar, in zai yi gyara ita ke riƙe masa tasar isansi. Kafin ya sa kowace rulma, sai ya kai ta kunnenta tukuna.

Yara, ga abin da za ku riƙe. Iya wani aiki ba ya sa a iya kowane aiki. In kun ga abin da ba ku sani ba, ku tambaya kafin ku sa hannu. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kada ku shafa masa mai ku rufe.

Yaya, iyakar labarin ke nan. Rulmar nan mai raɗa tana cikin akwatinki, na same ta a ƙarƙashin zannuwa. Na kai ta kunne na juya, har yanzu tana raɗa. Gobe zan kai wa Mushe takardun. Zai tambaye ni sunan yarinyar, da inda ɗan yayen nan yake yanzu. Ban gaya wa kowa ba tukuna cewa ke ce, kuma ni ne na sha ruwan a hannunki.